Kwana biyar ba a san wanda ya harbe shi ba, amma kowa ya san dalili

Washegarin ranar da aka harbe shugaban wani kamfanin inshorar lafiya a New York wani abokina ya turo min bidiyon a WhatsApp, ko sallama babu, ya rubuta a ƙasa wai in kalli aikin ƙwararru. Lokacin sanyi ne, farkon Disamban 2024, ina zaune wajen mai shayinmu ina jira a soya min ƙwai. Bidiyon gajere ne, irin na kyamarar tsaro da ake maƙalawa a jikin gini, ba sauti. Wani mutum ne cikin kwat yana tafiya abinsa a gefen titi da duku-duku, sai ga wani ya ɓullo ta bayansa, fuska a rufe, jaka a goye, ya tsaya ya saita shi da hannu biyu kamar wanda ke wajen atisaye. Bindigar ma ta cije masa, bai ruɗe ba, ya gyara ta ya ci gaba. Wani da ke tsaye a gefe ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya arce. Shi kuwa maharbin ya tsallaka titi ya yi gaba, ko gudun kirki bai yi ba.

Wanda aka harbe ɗin sunansa Brian Thompson, shekararsa 50, shi ne shugaban UnitedHealthcare, kamfanin inshorar lafiya mafi girma a Amurka, mutum wajen miliyan 50 ne lafiyarsu ke hannun kamfanin. Ranar Laraba ce, 4 ga Disamba, wajen bakwai saura kwata na safe, a ƙofar otel ɗin Hilton da ke tsakiyar Manhattan a New York, yana kan hanyar shiga taron shekara-shekara na masu zuba jari. Ba ɗan sanda ba mai gadi, shi kaɗai. Maharbin ya hau keke ya shige Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin, daga baya ya fito ya tari tasi zuwa tashar mota, shikenan ya ɓace. A birnin da kusan kowace kusurwa akwai kyamara. 'Yan sandan New York suka sa ladan dala 10,000, FBI ta sa dala 50,000, amma har kwana biyar ko sunansa ba a sani ba.

To ni waɗannan kwana biyar ɗin su ne suka tsaya min a rai, fiye da kisan kansa, fiye ma da shari'ar da ta biyo baya. Domin a cikinsu ne na ga yadda ɗan Adam yake yi idan aka ba shi hoto babu fuska, kowa sai ya ɗauko fuskar da ke cikin zuciyarsa ya liƙa.

Ku tuna irin abubuwan da aka riƙa faɗa. Kashi na farko suka ce ai wannan ɗan haya ne, biyansa aka yi, dubi yadda ya tsaya, dubi yadda bindiga ta cije bai firgita ba, kuma ya sa mata abin danne ƙara. Masana bindiga na intanet, waɗanda yawancinsu a fim kawai suka taɓa ganinta, suka shiga musu kan ko wace iri ce, har wasu suka rantse irin wadda likitocin dabbobi ke amfani da ita ce wajen kashe dabba ba tare da an firgita sauran ba. Wasu suka ce haba, ƙwararren da zai tsaya a shagon kofi na Starbucks ya sayi ruwa kafin aiki, ƙwararren da zai sauke takunkumi ya yi wa ma'aikaciyar masauki murmushi a gaban kyamara? Kashi na biyu suka ce a duba cikin kamfanin, tunda dama akwai ƙarar da aka shigar a 2024 ana zargin shi da wasu manya sun sayar da hannun jarinsu kafin jama'a su san gwamnati na binciken kamfanin, don haka wai rufe masa baki aka yi. Kashi na uku, waɗanda su ne suka fi ɓata min rai, suka koma kan matarsa, saboda kawai an ji ba gida ɗaya suke zaune ba. Mace na cikin takaba da 'ya'ya maza biyu, mutanen da ba su taɓa ganinta ba suna can suna yanke mata hukunci da babban yatsa.

A wajen mai shayin namu ma an yi. Wani dattijo da ba ya rasa sauraren BBC ya ce siyasa ce, ba yadda za a yi a kashe mutum irin wannan wata guda bayan zaɓen Trump a ce ba hannun manya. Wani matashi ya ce, "Baba ai ba siyasa ba ce, wani ne aka kashe wa uwa." Dattijon ya ce wa ya gaya maka? Ya ce, "Ba sai an gaya min ba Baba, kamfanin inshora fa aka ce." Mai shayin da ko taswirar Amurka bai damu da ita ba ya ɗago daga kan kaskonsa ya ce in dai kuɗin asibiti ne to shi ya yarda.

Wannan maganar ta yaron nan ita ce ta miliyoyin Amurkawa a satin. Kuma abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne labarin da ya fito cewa an samu rubutu a jikin kwanson harsasan, kalmomi uku na Turanci, delay, deny, depose. Ta farko a ja lokaci, ta biyu a hana, ta ukun kuma harshen damo gare ta, tana nufin a titsiye mutum da tambayoyi a gaban lauyoyi bayan ya yi rantsuwa, tana kuma nufin a tuɓe mai mulki daga kan karaga. Duk wanda ya taɓa fama da kamfanin inshora a can ya gane saƙon, don dama da makamantan kalmomin ake kwatanta dabarar kamfanonin: ka ja wa mai neman haƙƙinsa rai, ka ce ba za ka biya ba, in ya kai ka kotu ka gajiyar da shi. Sai kuma aka tsinci jakarsa a Central Park, aka buɗe, aka tarar da riga da kuɗin wasa na Monopoly. Daga nan kam ba mai iya tare bakin jama'a.

Abin da nake so mu lura da shi ke nan. Idan aka kashe mutum, tambayar farko da ɗan sanda ke yi ita ce wa yake da dalilin kashe shi, kuma yawanci amsar mutum biyu ne ko uku, abokin kasuwanci, ɗan'uwa da ake rigimar gado, wani da aka ci wa amana. A nan kuwa da aka yi tambayar sai ƙasa guda ta ɗaga hannu. Mutane suka riƙa zolaya wai in 'yan sanda za su bi jerin waɗanda ke jin haushin kamfanin to su shirya bin mutum miliyan hamsin gida-gida. Ni a ganina wannan ya fi harbin kansa zama abin kunya ga tsarin lafiyar Amurka. Ba a san sunan maharbi ba, ba a san garinsu ba, ba a san ko baƙi ne ko fari da farko, amma ba wanda ya yi mamakin dalili.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don da yawanmu muna ganin Amurka kamar in ka yi atishawa gwamnati za ta turo maka motar asibiti kyauta. Ba haka ba ne. Ingila tana da tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyin kowa, Amurka ba ta da shi. Yawancin masu aiki ta wajen aikinsu suke samun inshora, ana cire musu kuɗi duk wata, tsofaffi daga shekara 65 suna da shirin gwamnati na Medicare, masu ƙaramin ƙarfi suna da Medicaid, wasu miliyoyi kuma ba su da komai. A 2023 kaɗai ƙasar ta kashe wajen dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, sama da kashi 17 cikin 100 na duk tattalin arzikinta, ba ƙasar da ke kashe haka, amma duk da haka ɗan Japan ko ɗan Faransa ya fi Ba'amurke tsawon rai a lissafi. Kuma ko kana da inshorar ba ka tsira ba. Akwai kuɗin da sai ka fara biya daga aljihunka kafin su sa hannu, akwai asibitoci da likitocin da ba sa cikin jerinsu waɗanda in tsautsayi ya kai ka wajensu kai za ka ji a jikinka, sannan ga uwa uba, neman izini. Likitanka ya duba ka ya ce ga aikin da za a yi maka, amma sai an tura wa kamfani, wani da bai taɓa ganinka ba ya duba takarda ya ce e ko a'a. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 100 a ƙasar suna da wani nau'in bashi na neman lafiya a wuyansu.

Shi kuma wannan kamfani ba baƙo ba ne a wajen ƙorafi. Wata biyu kafin kisan, a Oktoban 2024, wani kwamitin bincike na majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa yawan ƙin amincewar da kamfanin ke yi wa tsofaffin da ke neman kulawar bayan an sallame su daga asibiti ya tashi daga kashi 10.9 a 2020 zuwa kashi 22.7 a 2022. A 2023 kuma iyalan wasu tsofaffi da suka rasu sun kai shi ƙara, suna zargin wata manhajar kwamfuta ce ake bari ta yanke kwana nawa majinyaci zai yi kafin a daina biya masa, kamfanin ya musanta. A shekarar ce uwar kamfanin, UnitedHealth Group, ta yi cinikin sama da dala biliyan 370. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi ya sa da kamfanin ya sa saƙon ta'aziyya a Facebook, dubun dubatar mutane suka danna alamar dariya. Wasu suna rubuta wai ta'aziyyarsu ba ta cikin jerin abin da inshora ke biya, wasu wai sai an nemi izini kafin su tausaya. A ƙarƙashin zolayar kuma sai ka ga labarai, wannan mahaifiyarsa ce mai kansa aka hana wa magani, waccan 'yarta ce aka ce kwana ɗaya ya ishe ta a asibiti bayan tiyata, likitoci da nas-nas su ma suka fito suna faɗin awannin da suke ɓatawa a waya suna roƙon izini. Masu binciken sa-kai na intanet, waɗanda ko kare ne ya ɓata sai sun nemo shi, da yawansu suka ce wannan karon ba su ga komai ba. Ranar Asabar ɗin satin har gasar masu kama da maharbin aka yi a wani dandali a New York. Kuma kwana ɗaya bayan kisan, wani kamfanin inshora, Anthem, ya janye shirinsa na ƙayyade tsawon lokacin allurar barci da zai riƙa biya a wajen tiyata a wasu jihohi. Dama ana ta sukar shirin tun kafin nan, amma je ka gaya wa mutanen intanet cewa ba harsashi ne ya yi aikin ba.

Ni fa na san wannan zafin, ba sai na je Amurka ba. Shekarun baya na kai yayata asibiti da daddare, ciwon ciki ya murɗe ta har ba ta iya miƙewa, mijinta ma'aikaci ne ana yankar masa kuɗin inshora duk wata ba fashi. Likita ya duba ya ce sai an yi hoto, kuma wataƙila aiki. Muka je wajen mai karɓar kati, wata yarinya ce da ta gaji da duniya, ta danna kwamfuta ta ce sai an turo lamba daga kamfanin inshorar. Na ce wace lamba kuma? Ta ce lambar amincewa, in ba ita ba ba za a taɓa ta ba, sai dai in za mu biya da kanmu. Ta kira layin ya fi sau biyar yana ta ringin ba a ɗauka. Yaya tana kan benci ta dunƙule, mayafinta ya zame ko ta kansa ba ta bi, ta kamo hannuna ta ce, "Ƙanina, ka bar su, mu je gida in sha kanwa." Wallahi a wannan minti ɗin da a ce shugaban kamfanin yana gabana ban san me zan yi ba, ba na jin zan tsaya gaisuwa. Ƙarshenta waya na yi ta bugawa, wannan ya turo dubu ashirin wancan ya turo goma, muka biya. Lambar ta iso washegari da hantsi, lokacin har an gama aiki tana shan ruwan shayi da cokali.

Don haka in wani ya ce min bai fahimci masu dariyar nan ba, sai in ce bai taɓa zama a kan wannan bencin ba. Mu nan da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, mu da kullum sai ka ga hoton mara lafiya da lambar akawu ana neman taimako fisabilillahi, duk da dokar 2022 da ta ce inshorar lafiya ta zama dole ga kowa, ba mu da bakin yi wa Ba'amurke wa'azin haƙuri.

Amma fahimta daban, tafi daban. Nan ne na rabu da abokina mai turo bidiyo, har muka kwana biyu ba ma ga maciji. Mutumin nan da aka harbe ta baya rai ne. Ɗan wani ƙaramin gari ne a jihar Iowa, mahaifinsa a rumbun hatsi ya yi aiki, ba a gidan sarauta aka haife shi ba. Ba ina cewa waliyyi ne ba, mutumin da aka biya shi sama da dala miliyan 10 a shekara guda a kamfanin da ribarsa ke ƙaruwa duk lokacin da aka ce wa majinyaci a'a, akwai tambayoyin da ya kamata ya amsa, kuma da na so in ga ya amsa su a gaban majalisa ko alƙali yana gumi. Harsashi ya hana mu wannan. Kamfanin kuwa ko kwana ɗaya bai rufe ba, bayan 'yan makonni aka naɗa wani daga cikin gida ya hau kujerar, abin da ya fara sauyawa cikin gaggawa shi ne kamfanoni sun cire hotunan shugabanninsu daga shafukansu sun ƙara masu gadi. Kuɗin masu gadin kuma ka san daga aljihun wa zai fito.

Sannan shi shaci-faɗi ba wasa ba ne kamar yadda muke ɗaukarsa, yana da gawarwakinsa. Amurkawan da kansu sun gani a 2013, bayan bam ɗin da aka tayar a gasar gudun fanfalaki ta Boston, masu binciken sa-kai suka zauna suna zuƙo hotuna, suka nuna wani ɗalibi da iyayensa ke nema tun wata guda da ya ɓata, suka ce shi ne. Aka yi ta kiran gidansu ana zagi. Ashe yaron ba ruwansa, ya ma riga ya rasu tun kafin bam ɗin, daga baya aka tsinci gawarsa a ruwa. Shafin da aka yi wannan aika-aika ya ba da haƙuri, amma haƙurin me zai yi wa uwar? A wannan karon ma an yi ta yawo da hotunan samarin da laifinsu kawai suna da gira mai kauri da irin rigar sanyin. Mu kuma namu ya fi muni don ba a waya yake tsayawa ba. A watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin sallah, wani ya ga bindigogin farauta a motarsu ya ce masu garkuwa da mutane ne, ba a kai ga ofishin 'yan sanda ba aka kashe su aka cinna musu wuta. Su ma waɗanda suka yi hakan suna da zafinsu na gaske, an sace musu mutane, an karɓe musu kuɗi, sun gaji. Zafin gaskiya ne, mutanen da aka huce a kansu ne ba su ba. Duk wanda ya yi kuka da Uromi, kuma na san mun yi, ya kamata ya ɗan ji nauyin danna alamar dariya a kan gawar wani don kawai ya tabbata a ransa cewa wancan ya cancanta. Hausawa da suka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya ba wauta suka yi ba.

Sai ranar Litinin 9 ga Disamba. A wani shagon McDonald's a garin Altoona na jihar Pennsylvania, tafiyar sama da kilomita 400 daga New York, wani mai cin abinci ya ga wani saurayi a lungu da takunkumi ya ce wannan kamar shi, aka gaya wa ma'aikaci, aka kira 'yan sanda. Ba kyamarorin biliyoyin daloli ba, ba masana bindiga na intanet ba, idon wani bawan Allah da ya fito karin kumallo. Sunansa Luigi Mangione, shekara 26. 'Yan sanda suka ce sun same shi da bindigar da aka ƙera wani sashenta da na'urar ɗab'i mai fitar da abu a zahiri, da katin shaida na bogi, da rubutun hannu da ke sukar kamfanonin inshora. Ya musanta tuhumar da ake masa a kotu, don haka ni a wajena wanda ake zargi ne, ba zan yi abin da nake hana wasu ba.

Amma dubi yadda kamun ya watsa wa kowa ƙasa a ido. Masu cewa ɗan haya ne shiru. Masu likitan dabbobi shiru. Masu zargin matar ko a yi haƙuri ba su ce ba, sun wuce labari na gaba. Hatta masu cewa talaka ne da aka kashe wa uwa, waɗanda su ne suka fi kusa, ba su samu yadda suke so ba, don yaron ɗan masu kuɗi ne daga Maryland, danginsa suna da filayen wasan golf da gidajen kula da tsofaffi, shi ya zo na ɗaya a makarantar kuɗi da ya yi, ya yi digiri biyu a Jami'ar Pennsylvania. Ya yi fama da ciwon baya har da tiyata, wannan gaskiya ne, amma kamfanin ya ce bai taɓa zama kwastomansu ba. Na zaci daga nan jiki zai yi sanyi. Ina! Sai aka sake ɗinka labarin ya dace da shi, da ba shi da fuska gwarzon talakawa ne, da fuskar ta bayyana kyakkyawa sai abin ya koma soyayya, 'yan mata na layi a ƙofar kotu cikin sanyi, aka tara masa sama da dala miliyan ɗaya na lauyoyi, aka bi shagon McDonald's ɗin da zagi a intanet wai gidan 'yan tsegumi. Wasu kuma suka buɗe sabon babi, wai ba shi ba ne, a dubi girar, a dubi hancin, dasa masa bindigar aka yi. Hukuma ita ma ta taya su, ranar da aka dawo da shi New York aka sauke shi daga helikwafta cikin kayan fursuna masu ruwan lemo, jami'ai rututu da manyan bindigogi, har da magajin garin na lokacin, Eric Adams, a bayansa, sai ka ce fostar fim. In kana so ka mayar da mutum gwarzo ai ba ka da hanyar da ta fi wannan. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta kwalejin Emerson a watan, kashi 41 na matasa 'yan 18 zuwa 29 suka ce kisan abin karɓa ne ko kusa da haka.

Abin da na fahimta shi ne, ji-ta-ji-ta ba neman gaskiya take ba, neman wajen zama take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan rashin yarda ce. Mutumin da kamfani ya yi wa ƙarya a kan lafiyar ɗansa, ya kai kuka bai ga an yi komai ba, gobe in ɗan sanda ya ce ga wanda ya yi kisa me zai sa ya yarda? Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, da kansa ya rubuta a jarida kwanaki bayan kisan ya amsa cewa tsarin lafiyar ƙasar ba ya aiki yadda ya kamata. Gaskiya ya faɗa, amma sai da aka zubar da jini a ƙofar otel kafin a faɗe ta da wannan muryar, kuma matasan nan sun lura da hakan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ina kallon su suna ƙorafin kwana biyar ya yi yawa sai na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Kwana biyar. Ɗan jarida Dele Giwa tun 19 ga Oktoban 1986 aka aika masa bam a cikin ambulan a gidansa a Ikeja. Bola Ige yana ministan shari'a na ƙasa sukutum aka bi shi har ɗakinsa a Ibadan ranar 23 ga Disamban 2001, an gurfanar da mutane an sallame su, ba wanda aka ɗaure. Mu a Kano kuma ba sai an tuna mana asubahin Juma'ar 13 ga Afrilun 2007 ba, ana gobe zaɓen gwamnoni, Malam Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallah a masallacinsa na Ɗorayi aka shigo aka harbe shi. Allah ya jiƙan Malam. Yau shekara nawa? Yaran da aka haifa a shekarar sun isa kaɗa ƙuri'a. Kuma ka shiga kowace majalisa ka tayar da maganar, za ka tarar kowa ya san wanda ya yi, sai dai wanda wannan ya sani ba shi ne wanda wancan ya sani ba, ɗan siyasa na nuna abokin hamayya, ɗan wannan aƙida na nuna waccan, an ɓata sunayen mutane, an raba zumunci, wasu sun tafi kabari da zargin da ba kotun da ta taɓa tabbatarwa ko ta wanke su. Ba na ganin laifin jama'a su kaɗai, wanda aka bar shi da gawa ba amsa dole ya ƙirƙiro tasa.

Kwanakin baya na sake zama wajen mai shayin, dattijon nan mai rediyo yana nan, na ce, "Baba, ka ga dai ba siyasa ba ce, yaro ne ɗan makaranta aka kama." Ya kurɓi shayinsa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai yaro ne. Shi wa ya aike shi?"